Yadda Ake Warware Tagwayen Ikweshin ta Hanyar Zana Giraf

Idan aka ba ka ikweshin guda ɗaya mai haruffa biyu, a ce x + y = 5, aka ce ka faɗi darajar x da ta y, ba za ka iya tsayawa kan amsa ɗaya ba. 1 da 4 sun yi, 2 da 3 sun yi, 0 da 5 sun yi, 7 da −2 ma sun yi, haka nan 2.5 da 2.5. Amsoshin ba su ƙirguwa. Sai an ƙaro ikweshin na biyu, misali y = 2x − 1, aka kuma gindaya sharaɗin cewa lambobin da za ka kawo su gamsar da duka biyun a lokaci guda, sannan tambayar take samun bakin zare. Wannan haɗin shi ne tagwayen ikweshin, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin warware su ita ce a zana kowanne a giraf, a duba inda suka haɗu.

Dalilin da ya sa wannan hanya take aiki guda ɗaya ne, kuma wanda ya kama shi ya kama rabin darasin. Kowace amsa ta x + y = 5 tana da mazauninta a kan takardar giraf. Amsar x = 1, y = 4 ɗigo ne da ake rubutawa (1, 4). Idan ka ɗiga duk amsoshin, za ka ga sun jeru sun ba da miƙaƙƙen layi. Duk ɗigon da ke kan layin amsa ce, duk wanda ke gefe ba amsa ba ce. Ikweshin na biyu shi ma yana da nasa layin. To ɗigon da zai gamsar da su biyun dole ya kasance a kan wannan layin, ya kuma kasance a kan wancan, wato daidai wurin da suka gitta juna. Wurin nan shi za mu riƙa kira mahaɗa.

Miƙaƙƙen layi yana fitowa ne kawai idan x da y suna tsaye da kansu: ba a ninka x da kanta ba, ba a ninka x da y ba, babu ɗayansu da ke ƙarƙashin layin rabawa. Da ka ga x² ko xy ko 1/x, to zanen lanƙwasa zai yi, wannan kuwa wani babi ne. Dabarar haɗa aljabra, wato lissafi da haruffa, da zane irin wannan ana jingina ta ga masanin Faransa René Descartes, wanda ya wallafa aikinsa a kai a 1637, shi da Pierre de Fermat da ya gano irinta a zamani guda ba tare da sun yi aiki tare ba.

Kayan aiki da shimfiɗa fili

Kana buƙatar takardar giraf, rula, fensir da magogi. Rular roba wadda ake hango takarda ta cikinta ta fi, domin ba za ta ɓoye maka ɗigogin ba. Fensirin kuwa a fiƙe shi sosai. Wannan ba tsirfa ba ce: ƙananan gidajen takardar giraf galibi milimita 1 ko 2 ne, fensir mai dakusasshen baki kuwa zai iya ja maka layi mai kaurin rabin gida, ka ga tun kafin a je ko'ina amsarka ta fara rawa. Kada ka yi zanen da biro.

Ja layi a kwance, shi ne sandar x. Ja wani a tsaye ya ratsa shi, shi ne sandar y. Inda suka gamu ita ce cibiya, (0, 0). Daga cibiya lambobi suna ƙaruwa zuwa dama da zuwa sama, masu alamar ragi kuma suna tafiya hagu da ƙasa. Rubuta lambobin a kan layukan takardar daidai, ba a tsakiyar gidaje ba, kuma tazarar da ke tsakanin 1 da 2 ta zama ita ce tsakanin 2 da 3, har ƙarshe. Rubuta x da y a bakin sandunan.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar jan sandunan nan sai ka gama lissafa ɗigoginka. Su ne za su nuna maka inda ya kamata cibiya ta zauna. Idan duk lambobinka sama da sifili suke, babu amfanin ka kafa cibiya a tsakiyar takarda ka bar kashi uku cikin huɗu na filin a banza.

Misali na farko, daki-daki

Mu ɗauki waɗancan biyun: x + y = 5 da y = 2x − 1.

Fara da na farko. Zaɓi darajar x guda uku da kanka, ka nemo y ɗin kowacce. Idan x = 0, to 0 + y = 5, y ta zama 5. Idan x = 1, y ta zama 4. Idan x = 5, y ta zama 0. Ɗigoginka su ne (0, 5), (1, 4) da (5, 0).

Wani zai ce ai ɗigo biyu sun isa a ja layi. Gaskiya ne, amma ɗigo biyu ba sa tona asirin kuskure. Ko ka yi lissafin ɗaya ba daidai ba, rula za ta haɗa su lafiya lau, ka ja layin da ba shi ba ne ba ka sani ba. Na ukun shi ne mai shaida. Idan ukun suka ƙi hawa kan rula tare, akwai matsala a ɗayansu, sai ka koma kan lissafin kafin ka ja komai. Kuma ka ware su nesa da juna. Ɗigo biyu da ke maƙwabtaka, ɗan kaucewa kaɗan a ɗayansu zai karkatar da layin gaba ɗaya, kuskuren yana ƙara buɗewa gwargwadon nisan da layin ya yi.

Wajen ɗigawa, lambar farko ta x ce kullum, ta biyu ta y. Don ka sa (1, 4), tashi daga cibiya, ka yi taki 1 zuwa dama, sannan taki 4 sama. Masu koyo da yawa a nan suke juya abin, su sa (4, 1). Abin takaici, a wannan ikweshin ɗin ko ka juya ba za ka gane ba, tunda 4 + 1 ma 5 ne, ɗigon zai hau layin. A na biyun ne juyin zai ci ka. Yi ɗigon ƙarami, ko ka yi ɗan giciye siriri wanda tsakiyarsa ce ainihin wurin.

Ɗora rula a kan ukun, ka ja layi ya zarce su ta kowane ɓangare har bakin filin da ka shata. Kada ka tsaya a ɗigon ƙarshe, domin mahaɗar tana iya kasancewa can gaba. Rubuta x + y = 5 a jikin layin don kada ya rikice maka da ɗan'uwansa.

Yanzu na biyu, y = 2x − 1. Idan x = 0, y = 0 − 1 = −1. Idan x = 1, y = 2 − 1 = 1. Idan x = 3, y = 6 − 1 = 5. Ɗigogin su ne (0, −1), (1, 1) da (3, 5). Ka ga a nan akwai −1, saboda haka sandar y tana buƙatar ɗan wuri a ƙasan cibiya. Ɗiga su a kan wannan takardar dai, da sandunan nan dai, ka ja layin, ka rubuta masa sunansa.

Layin farko yana gangarowa daga hagu zuwa dama, na biyu yana hawa. Sun gitta juna a wuri ɗaya. Daga wurin, sauko da idonka, ko bakin rula, kai tsaye zuwa sandar x: za ka faɗa kan 2. Koma mahaɗar, ka bi a kwance zuwa sandar y: za ka faɗa kan 3. Amsa ita ce x = 2, y = 3, ko (2, 3).

Saura mataki ɗaya, wanda mutane suka fi tsallakewa alhali shi ne mafi araha. Mayar da lambobin cikin ikweshin ɗin asali, duka biyun. Na farko: 2 + 3 = 5, ya yi. Na biyu: 2 sau 2 huɗu, a cire 1 saura 3, y kuwa 3 ce, ya yi. Sai yanzu ne za ka ce ka samu amsa. Abin da ido ya karanto daga zane hasashe ne har sai lissafi ya tabbatar da shi. Na ce na asali ne da gangan: idan ka sake tsara ikweshin kafin ka zana, kuma kuskure ya shiga a wajen tsarawar, gwaji da sabon fasalin zai ce maka komai daidai ne alhali ba haka ba.

Hanyoyi biyu da suka fi sauri

Zaɓen x barkatai yana aiki, sai dai wani lokaci yakan jefa ka cikin gutsattsarin lambobi masu wuyar ɗigawa. Akwai gajerun hanyoyi biyu, fasalin ikweshin ɗin ne zai gaya maka wadda za ka bi.

Idan x da y suna ɓangare ɗaya, lamba tana ɗaya ɓangaren, kamar 2x + 3y = 12, nemi wuraren da layin ya ratsa sanduna. Sa x = 0: 3y = 12, y = 4, ka samu (0, 4). Sa y = 0: 2x = 12, x = 6, ka samu (6, 0). Cikin daƙiƙa kaɗan ka samu ɗigo biyu masu tazara mai kyau. Na ukun, ɗauki x = 3: 6 + 3y = 12, y = 2, wato (3, 2). Na zaɓi 3 ne don abin da zai rage ya rabu da 3 ba saura. Da na ɗauki x = 1, da y ta fito 10/3, ba kuskure ba ne, amma wahala ce ba gaira ba dalili.

Wannan hanya tana da inda take cijewa. A ikweshin kamar 3x − 2y = 0, idan ka sa x = 0 za ka samu y = 0, idan ka sa y = 0 za ka samu x = 0. Ɗigo ɗaya ke nan sau biyu, domin layin ta cibiya ya bi. Sai ka nemo wasu da kanka, kamar (2, 3) da (4, 6).

Hanya ta biyu ta ikweshin da y ke tsaye ita kaɗai ce, mai fasalin y = mx + c. A nan c ita ce inda layin ya ratsa sandar y, m kuma ita ce karkatar layin, wato yawan takin da yake hawa ko sauka duk sa'ad da ka matsa taki 1 zuwa dama. Ɗauki y = 3x + 5. Fara daga (0, 5). Karkata 3 ce, saboda haka dama 1, sama 3, ka isa (1, 8). Kana iya bi ta baya: hagu 1, ƙasa 3, ka isa (−1, 2), ka sake, ka isa (−2, −1). Idan abokin tafiyarsa y = −x − 3 ne, fara daga (0, −3). Karkatarsa −1 ce, wato dama 1, ƙasa 1, ko hagu 1, sama 1: (−1, −2), sannan (−2, −1). Ga shi sun haɗu a (−2, −1). Gwaji: 3 sau −2 ya ba da −6, a tara 5 ya zama −1. A na biyu, ragin −2 shi ne 2, a cire 3 ya zama −1. Duka sun yi.

Idan karkatar gutsure ce, kamar −2/3, kada ka tsaya neman kashi biyu cikin uku na gida. Lambar ƙasa ita ce takin dama, ta sama ita ce takin hawa ko sauka: dama 3, ƙasa 2. Alamar ragin kuwa sau ɗaya ake amfani da ita. Wanda ya yi hagu 3 kuma ya yi ƙasa 2 ya yi amfani da ita sau biyu, layinsa zai hau a maimakon ya sauka.

Kana iya mayar da kowane ikweshin mai ɗauke da y zuwa fasalin y = mx + c, amma a yi hattara, a nan ne alamomi suke zamewa. Daga 2x + 3y = 12, cire 2x a ɓangarorin biyu: 3y = −2x + 12. Raba komai da 3, ba lambar ƙarshe kaɗai ba, ba kuma ta farko kaɗai ba: y = −(2/3)x + 4. Daga x − y = 1 kuwa za ka fara samun −y = −x + 1, sai ka juya alamar kowane yanki: y = x − 1. Zana waɗannan biyun tare, za su haɗu a (3, 2), kuma 6 + 6 = 12, 3 − 2 = 1.

Akwai layuka iri biyu da suke rikita mutane saboda sauƙinsu. Ikweshin y = −2 babu x a cikinsa, ma'ana ko nawa x take, y tana nan a −2: layi ne a kwance da ya ratsa sandar y a −2. Shi kuma x = 3 layi ne a tsaye da ya ratsa sandar x a 3. Tunda sandar x a kwance take, hannu yakan so ya kwantar da x = 3 shi ma. Rubuta ɗigo uku, (3, 0), (3, 1), (3, 5), za ka ga da idonka cewa tsaye yake. Mahaɗar waɗannan biyun ita ce (3, −2), ba sai an yi wani lissafi ba.

Idan layukan suka ƙi haɗuwa, ko suka hau kan juna

Miƙaƙƙun layuka biyu a kan takarda ɗaya hali uku kawai za su iya shiga: su gitta juna sau ɗaya, su ƙi haɗuwa sam, ko su zama layi ɗaya. Babu yadda za a yi su haɗu a wuri biyu cak. Don haka tagwayen ikweshin irin waɗannan ko dai amsa ɗaya gare su, ko babu, ko kuma ba ta da iyaka. A ganina a nan ne giraf ya fi sauran hanyoyi amfani, domin yana nuna maka dalili ƙiri-ƙiri.

Gwada y = 2x + 1 da 4x − 2y = 6. Na farko ya ratsa sandar y a 1, karkatarsa 2. Na biyu idan ka tsara shi: −2y = −4x + 6, a raba da −2, y = 2x − 3. Karkatarsa shi ma 2 ce, amma daga −3 ya taso. Zana su, za ka ga suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar ƙarafan titin jirgin ƙasa. A kowace x ka duba, na farko yana saman na biyu da taki 4, tazarar ba ta raguwa ba ta ƙaruwa. Babu mahaɗa, saboda haka babu amsa. Wanda ya bi ta aljabra zai ƙare da −2 = 6, ya zauna yana tunanin inda ya yi kuskure, alhali bai yi ba. Lissafin ne yake gaya masa abin da aka nema ba zai yiwu ba. Abin da za ka rubuta shi ne babu amsa. Kada ka rubuta sifili, domin sifili lamba ce, kuma (0, 0) ɗigo ne kamar kowane ɗigo.

Sai kuma x + 2y = 4 da 3x + 6y = 12. Na farko ya ba da (0, 2) da (4, 0). Na biyu, da ka sa x = 0 za ka samu y = 2, da ka sa y = 0 za ka samu x = 4. Ɗigogin nan ne dai. Na biyun ba komai ba ne illa na farko da aka ninka sau 3, bai zo da wani sabon bayani ba. Amsoshin ba su da iyaka, amma wannan ba ya nufin kowace lamba ta yi. (2, 1) amsa ce, (6, −1) amsa ce, (1, 1) kuwa ba amsa ba ce, tunda 1 + 2 uku ne, ba 4 ba. Waɗanda ke kan layin kaɗai ake nufi.

Tun kafin ka taɓa rula kana iya sanin halin da za ka tarar. Mayar da duka biyun fasalin y = mx + c, ka kwatanta. Karkata daban, amsa ɗaya. Karkata ɗaya amma c daban, babu amsa. Duka biyun iri ɗaya, layi ɗaya ne. Wannan ɗan dubawar yana da wata fa'ida: idan karkata ta bambanta amma layukanka ba su haɗu a takarda ba, ka san mahaɗar tana nan, fili ne ya yi kaɗan.

Inda giraf yake gazawa

Misalan darasi ana tsara su ne su faɗa kan cikakkun lambobi. Da zarar an fita daga nan, ido ba ya wadatarwa. Zana x + y = 4 da y = 2x. Mahaɗarsu tana tsakanin 1 da 2 a sandar x, tsakanin 2 da 3 a sandar y. Mai kyakkyawan zane zai karanto kamar 1.3 da 2.7. Gwaji: 1.3 + 2.7 = 4, ya yi, amma 2 sau 1.3 ya ba da 2.6, ba 2.7 ba. An kusa, ba a kai ba. Ainihin amsar ita ce x = 4/3, y = 8/3, kuma babu fensirin da zai nuna maka wannan daidai wa daida. A irin wannan hali ka rubuta cewa amsar kimantawa ce, idan kuma ana son ta cif, ka ƙarasa da aljabra: sa 2x a gurbin y cikin na farko, x + 2x = 4, 3x = 4. Zanen bai tafi a banza ba, domin da aljabrar ta ba ka x = 4 ko −4/3, da nan take ka san an samu tangarɗa.

Yadda za ka bambance kimantawa da kuskure shi ne girman giɓin. 2.6 da 2.7 kaurin fensir ne. Da gwajin ya ba ka 2.6 a inda ake neman 5, to layi ne ba a zana daidai ba.

Matsala ta biyu ta layukan da karkatarsu ta yi kusa da juna ce. y = x + 1 da y = 1.1x suna haɗuwa a (10, 11), amma a kan takarda za ka ga sun manne da juna tun kafin wurin har bayansa, ka rasa takamaiman inda suka gitta. Kuma ɗan canji kaɗan yana kai mahaɗar nesa: mayar da 1.1 ta zama 1.05, mahaɗar ta koma (20, 21), mayar da ita 1.01, ta koma (100, 101). Irin waɗannan a bar wa aljabra.

Manyan lambobi da zaɓen ma'auni

A ce tankuna biyu ne. Na farko yana da lita 20 na ruwa, ana zuba masa lita 5 kowane minti. Na biyu yana da lita 80, ana zuƙe lita 10 kowane minti. Yaushe ruwansu zai zo daidai, kuma lita nawa ke nan?

Bari x ta zama mintuna, y ta zama litoci. Na farko: y = 5x + 20. Na biyu: y = −10x + 80. Idan ka ce kowane gida lita 1 ne, kana buƙatar gida 80 a tsaye, ga sandar x kuwa gida 8 sun ishe ta, zanen zai fito dogo siriri ba ya karantuwa. Ba dole ba ne sandunan biyu su yi ma'auni ɗaya. Ba wa sandar x santimita 1 ga kowane minti, sandar y kuma santimita 1 ga kowace lita 10. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ma'auni ya canza a tsakiyar sanda ɗaya. Kuma ka zaɓi ma'aunin da ke rabuwa cikin sauƙi, irin 1, 2, 5, 10, 20, 50. Wanda ya ba santimita ɗaya lita 7 zai sha wuya wajen gano inda 40 take.

Tankin farko: (0, 20), (2, 30), (6, 50). Na biyu: (0, 80), (3, 50), (8, 0). Ja layukan, za su haɗu a (4, 40): bayan minti 4, kowane tanki yana da lita 40. Gwaji: 5 sau 4 ashirin, a tara 20, 40. Goma sau 4 arba'in, a cire daga 80, 40.

Lura da abu biyu a nan. Da yake ma'aunin sandunan ya bambanta, ba za ka ƙirga gidaje kai tsaye don karkata ba: karkatar 5 a wannan zanen rabin santimita ce sama ga kowace santimita ta dama, ba santimita 5 ba. Shi ya sa idan ma'auni ya bambanta na fi son a lissafa ɗigogi a ɗiga su. Na biyu, layukan nan suna da iyaka a zahiri. Babu minti mai alamar ragi, kuma tanki na biyu ya ƙafe a minti na 8, don haka duk abin da ke hagu da sandar y ko ƙasa da sandar x ba shi da ma'ana a wannan tambaya, ko da rula za ta iya kaiwa can. Zanen ya kuma ba ka abin da ba a tambaya ba: kafin minti 4 layin tanki na biyu ne a sama, bayan nan na farko ya wuce shi, kuma tazarar da ke tsakanin layukan a kowane minti ita ce bambancin ruwansu.

Manhajoji irin su Desmos da GeoGebra suna yin wannan zane a waya ko kwamfuta kyauta. Ka rubuta ikweshin biyun, layukan su fito, ka taɓa mahaɗar a Desmos lambobinta su bayyana. Suna da kyau wajen duba aikin da ka riga ka yi da hannu, da kuma wasa da lambobi: canza 6 ɗin da ke cikin 4x − 2y = 6 zuwa −2, ka ga layukan nan biyu da suka ƙi haɗuwa sun hau kan juna. Idan ka rubuta ikweshin ka ga allon wayam, ko layi ɗaya kawai ya fito, ko layukan suka fito amma ba a ga mahaɗarsu ba, yawanci ba manhajar ce ta lalace ba, filin da take nunawa ne ya yi ƙanƙanta, kamar yadda zai faru da tankunan nan idan allon ya tsaya a 10. Janyo hoton baya har sandar y ta kai 80, mahaɗar za ta fito.